Ba wasan yara nake ba, tashar jirgin Gusau nake ginawa

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wata sana'ar hannu da mutanenmu suka raina, har maƙwabtana sun laƙaba mani suna wai tsoho mai wasan ƙasa.

Ni kafinta ne a Gusau, yanzu ƙarfi ya fara ja baya na bar wa yara shago. Shekara biyu ke nan ina gina tashar jirgin ƙasa ta garinmu a kan falankin katako cikin zaurena, ƙarama, da dogonta da taragunta da sito da itatuwan darbejiya, yadda na san ta ina yaro. Wanda bai sani ba, dogon nan da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda an kammala shi a 1929, kuma shi ya ɗaga Gusau, don gyaɗa da auduga duk ta nan ake lodinsu zuwa kudu. Yau jikana da ke aji uku na sakandare bai taɓa jin kukan jirgi ba sai a waya, wanga abu shi ya tsaya mani a rai har na ɗauki zarto.

Abin da nake so masu karatu su gane shi ne hannun wannan aiki muna da shi tun fil azal. Wa ye a cikinmu bai yi motar kara ba, ko ta langa-langa, ko ta gwangwanin madara a yanka tsohon silifas a yi taya? Mun yi, an kuma zane mu a kai, an ce mun bar allo mun tafi shiririta. Abu guda ne ya bambanta namu da na Turawa, awo. Su ba su yi da ka, komai sai an raba shi da lissafi ɗaya. Wanda aka fi yi a duniya suna ce mai HO, wato ka ɗauki tsawon abu na gaskiya ka raba gida 87. Ƙofa mai mita 2 sai ta dawo milimita 23, buhun gyaɗa kuwa bai wuce ƙwayar wake ba, kuma wallahi da waken nake yinsu, in naɗe shi da ƙyalle mai ruwan ƙasa in jera dala. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida Miniatur Wunderland da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, ba komai ciki sai irin wannan, mutane na biyan kuɗi suna layi su kalla. Mu nan sai a ce ka taɓu.

Bari in ba ka labarin kuskuren da na yi don shi ya koya mani cewa kwaikwayo ido rufe ba ya yi. Da na fara, na bi abin da na gani a YouTube na sa faɗin dogo milimita 16.5 kamar yadda suke yi, na kwashe wata guda ina liƙa sifok ɗin keke a kan tsinken tsire ɗaya bayan ɗaya har idona na ruwa. Sai wani dattijo abokin babana da ya yi aikin reluwe ya zo gaisuwa, ya duƙa ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya ce "Yaro, wanga ba dogonmu ba ne, ya cika faɗi." Na ce Baba ai haka aka ce a yi, ya ce to su nasu suka auna. Ashe gaskiyarsa, 16.5 ɗin nan na babban dogo ne mai milimita 1435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, namu na da kuwa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1067, in ka raba da 87 sai ya ba ka 12 da 'yan kai. Haka na ɓamɓare duka na sake, ina yi ina ƙunƙuni, amma da na gama sai taragun suka zauna yadda na san su, jiki ya fi dogon faɗi sosai kamar zai tuntsure.

Kayan aiki ba sai an yi oda ba, dala ma ba ta barin mutum ya yi wannan mafarki. Kwalin indomi da na magani su ne bango. Rufin kwano kuwa gwangwanin lemo nake yankawa in shimfiɗa in danna shi kan matajin kai da bakin cokali sai ya fito da layi-layi sak kwano. Tsakuwar ƙarƙashin dogo yashin gulbi ne na tankaɗe da rariyar uwargida, wadda har yau ba a yafe mani ba. Itace da wayar wuta ake murɗa shi a yayyaga soso a rina kore a manna. Amma inda aikin yake da daɗi shi ne tsufar da abu, don sabon tarago fes ba ya kama da gaskiya ko kaɗan, sai ka sa mai tsatsa da ƙura. Jar ƙasa nake niƙawa in haɗa da ɗan gam da ruwa in shafa a gindin tarago da wajen ƙusoshi, in kankare gawayi in goga a saman kan jirgi inda hayaƙi ke kwanciya, bangon sito kuma in ja mai zanen ruwan sama daga bakin indararo zuwa ƙasa. Mutane dai ban sa ba, na ji abin da malamai suka ce kan mutum-mutumi na bar shi, tashata kamar ana sallar Juma'a kowa ya tafi masallaci.

Matsala akwai ta. Gara, ƙurar hunturu, zafin bazara da ke sa gam ya saki, kyankyasai sun cinye mani bango guda lokacin da nake liƙi da koko, akuyar maƙwabci kuma ta shigo ta tauna ofishin sitashan masta.

Roƙona biyu ne Edita. Malaman makarantunmu, musamman masu koyar da fasaha da lissafi, in kun ga yaro na ƙera mota da kara kada ku kore shi, ku miƙa mai rula ku ce ya auna motar gaske ya raba, a nan zai gane amfanin lissafin da yake gudu. Har kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya muna da ita a Ƙaura, ɗaliban zanen gine-gine ai irin wannan suke yi da kwali a ba su maki.

Na biyu, iyalan tsofaffin ma'aikatan reluwe na Gusau da Ƙaura da Tsafe, don Allah ku duba akwatunan iyayenku, duk mai tsohon hoton tasha ko na kan jirgi mai kwal ya aiko wa jaridar nan a buga mu gani. Tankin ruwan da kan jirgi ke sha ne ya tsayar da ni yanzu, na tuna yana nan amma na manta ƙafafunsa nawa ne, dattijon da zai gaya mani kuma Allah ya yi mai rasuwa da azumin bara, Allah ya jiƙansa.

Naku,
Wani tsohon kafinta, daga Gusau, jihar Zamfara.