Labarin Yaron da Nake Ba Ka a Waya

Bronx, New York
23 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙon yaji da kilishi ya iso, Allah ya saka da alheri, sai dai 'ya'yanka sun cinye kilishin kafin na dawo daga aiki, ƙamshin takardar kawai na tarar. Na san yanzu hunturu ya fara leƙo ku a Kano. Mu nan sanyi ya riga ya zauna, ƙarfe biyar na yamma ba ta yi sai duhu ya rufe gari.

Ran nan a waya ka yi mini dariya, ka ce mutumin da muka yi ta cin rana da shi a filin wasa na Sani Abacha saboda Pillars, wai shi ne yau yake ɓata rai a kan ƙwallon gora ta Amurkawa. Kafin in yi maka bayani layi ya yanke. To yau Lahadi ba na fita da mota, bari in zauna in rubuta maka dalla-dalla, don abin yana cina.

Ka san gidanmu ba shi da nisa da filin Yankees, tasha uku ce a jirgin ƙasa mai lamba 4. Mutum ba zai yi shekaru yana ɗaukar fasinja a unguwar nan ba tare da besbol ta shige shi ba. Wasan a taƙaice haka yake: mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana riƙe da gora yana duka, in ya doka sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Can bayan fili kuma akwai mutum uku, na hagu da na tsakiya da na dama, aikinsu su cafke ƙwallon da aka ɗaga sama kafin ta taɓa ƙasa. In duka ya yi ƙarfi har ƙwallo ta tsallake katanga, shi ne hom-ron, babu abin da ya fi shi tayar da fili. Wani abin da zai ba ka mamaki, wanda ya samu duka mai kyau sau 3 a cikin fitowa 10, gwani ne na sahun gaba. Wato gwanin ma sau bakwai yake komawa benci kansa a sunkuye.

Yaron da nake magana a kansa sunansa Jasson Domínguez, ɗan Jamhuriyar Dominika, an haife shi a 2003. Babansa masoyin Yankees ne, sunan wani tsohon ɗan wasansu, Jason Giambi, ya sa masa. A watan Yulin 2019, yana ɗan shekara 16, ƙungiyar ta ba shi dala miliyan 5.1 don kawai ya sa hannu. Ka lissafa da kanka a naira, ni kaina ba zai ɗauka ba. Tun kafin ya buga wasa ko ɗaya aka laƙaba masa suna El Marciano, wato mutumin duniyar Mas, wai irin baiwarsa ba ta 'yan wannan duniya ba ce. Aka riƙa haɗa sunansa da na manyan gwanayen wasan irin su Mickey Mantle da Mike Trout. A ganina tun daga nan aka fara cutarsa. Yaron da ko gemu bai fito masa ba, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin raƙumi.

Amma fa da ya zo, ya zo da ƙarfinsa. Ranar 1 ga Satumba, 2023, a garin Houston, aka fito da shi karon farko. Wanda ke jifa a ranar Justin Verlander ne, tsohon hannu da ya kusa haifarsa. Karon farko da yaron ya kaɗa gora a babbar gasa, ƙwallo ta wuce katanga. A wasa 8 ya buga hom-ron 4. Maƙwabcina mai kanti, ɗan ƙasarsu ne, a makon nan kyauta yake ba ni kofi. Sai laifin daɗi: jijiyar gwiwar hannunsa ta dama ta tsinke, aka yi masa tiyata, ya tafi jinya ta watanni. Da ya dawo a 2024 yana murmurewa a ƙaramar ƙungiyarsu, sai kuma ciwon kwiɓi ya sake kwantar da shi. Ban da wasa ɗaya a watan Agusta, sai a watan Satumba aka dawo da shi sama, a shekarar duka ya buga wasa 18 bai taɓuka abin kirki ba. Da aka shiga wasannin neman kofi, koci Aaron Boone ya bar Alex Verdugo a gefen hagu, yaron kuma ya zama ɗan gudu, wanda ake sakawa a ƙarshen wasa don ya fi wani sauri. Haka aka je har zagayen ƙarshe, Dodgers suka cinye mu a cikin wasa 5.

Bana ce aka ce shekararsa. Juan Soto ya tsallaka wajen Mets a kan dala miliyan 765, Verdugo ya tafi, aka ce wa yaro ga gefen hagu nan naka ne.

Daren Juma'a 9 ga Mayu ba zan manta shi ba. A Sacramento ake wasan, can yammacin ƙasar, don haka mu a nan sai wajen goma na dare aka fara. Ina cikin mota, rediyo a kunne ƙasa-ƙasa saboda fasinja. Ya buga na farko ina kan gada. Ya buga na biyu ina sauke wata tsohuwa da jakunkunanta. Lokacin na uku dare ya raba, ba kowa a motar, na faka gefen titi ina cin burodi da shayin da ya huce a fulas. Tashoshi uku duk da mutane a kai, ya ɗaga ta ta wuce, maki huɗu a duka ɗaya. Wallahi ban san sanda na danna hon ba, sai da wani ya leƙo ta taga yana zagina. Hom-ron 3 a wasa ɗaya, biyu ya tsaya ta hagu, ɗaya ta dama, don shi ta kowane ɓangare yana duka. Aka tashi 10 da 2, mu ke da 10. Yana da shekara 22, kuma a tarihin Yankees ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya yi haka ba, har tsohon gwaninsu Joe DiMaggio ya girme shi lokacin da ya yi nasa.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Duk tsawon kakar, hom-ron 10 ya buga. Uku daga ciki na wannan daren ne. Matsakaicin dukansa .257, wato sau ɗaya da ɗan ɗoriya a cikin fitowa huɗu, ya kuma saci tasha sau 23, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an doka ƙwallo ba, don ƙafa kam Allah ya ba shi. Wannan ba abin kunya ba ne ga ɗan shekara 22. Da ba a kira shi mutumin Mas ba, da cewa za a yi yaro ya yi ƙoƙari. Amma akwai rauni biyu da ko mai sonsa kamar ni ba zai iya rufewa ba. Na farko, in mai jifa bahago ne, dole ya juya ya tsaya ta dama, nan kuwa kamar an canja mutum, gorar ba ta da ƙarfi. Na biyu, tsaron bayan fili. A ƙananan ƙungiyoyi a tsakiya ya saba tsayawa, aka mayar da shi hagu, kuma hagun filin Yankees fage ne mai faɗi. Ta dama katangar kusa take, ƙafa 314 a kan layi, amma tsakanin hagu da tsakiya har ƙafa 399. Sai ka ga ƙwallo ta tashi ya fara yin gaba, sannan ya gane baya za ta, ya juya yana lalube.

A kan wannan na daina yi masa ihu, bari in gaya maka dalili. Da bazara babban ɗanka ya ja ni filin da ke tsallaken titi daga filin Yankees, ya ba ni safar kamu ya ce in tsaya can nesa. Ya ɗaga ƙwallo sama. Ina kallonta, na rantse a gabana za ta sauka, na yi taku uku gaba, sai na ga tana ƙara nisa. Na ja da baya, rana ta shige mini ido, hulata ta faɗi, ƙwallon ta sauka a kafaɗata. Kwana uku ina shafa man zafi, uwarsu tana dariya. Wannan fa jifan yaro ne ɗan sakandare, ba dukan ƙato ba a gaban mutum dubu arba'in.

Duk da haka ba raunin nasa ne kaɗai ya kai shi benci ba. Abin da ba wanda ya zata ne ya faru. Akwai Trent Grisham, wanda ya zo tamkar gyara a cinikin da ya kawo mana Soto, bara ma da ƙyar ake saka shi. Bana sai ya buga hom-ron 34, ga shi dama gwanin kamu ne. Cody Bellinger ya buga 29. Aaron Judge kuwa ba a maganarsa, 53 ya buga, shi ne kyaftin. Wuri uku ne a bayan fili, ga mutum uku sun cike shi. Wurin da ya rage shi ne na mai duka kawai wanda ba ya tsaro, shi ma da Giancarlo Stanton ya warke a watan Yuni ya karɓe abinsa. Daga nan sunan yaro ya riƙa ɓacewa daga takardar masu farawa, yau a saka shi, gobe da jibi yana zaune da tawul a wuya. A wasannin neman kofi, da muka fitar da Boston sannan Toronto ta kore mu, kusan ɗan kallo ya zama.

Maƙwabcin nan nawa cewa yake zalunci ne. Ni ban kai nan ba. Da ni ne koci, ana neman kofi, ga mai buga 34 a hannuna, ni ma shi zan saka, ba a fafe gora ranar tafiya. Inda nake ganin kuskure shi ne a riƙe yaro a sama ba ya wasa. Ƙungiya mutum 26 take ɗauka, kuma kujerar ƙarshe a benci ta tsohon hannu ce wanda ya gama koyo, wanda zai iya kwana biyar a zaune ya tashi ya doka. Mai shekara 22 da ba ya iya dukan bahago, maganinsa ya yi ta fuskantar bahagwai har idonsa ya saba. In duk ranar da bahago zai yi jifa sai a ɓoye shi, yaushe zai koya? Ka tuna yaran da muka sha gani a Pillars, a ɗauko su daga unguwa suna wuta, a ajiye su a benci kaka guda, ranar da aka sako su ƙafar ta yi sanyi, 'yan kallo su ce ai dama zuzuta shi aka yi.

Kuma mutanen garin nan akwai mantuwa. Shi kansa Judge, da ya fara a 2016, ya buga hom-ron a fitowarsa ta farko, daga nan ya rikice, aka fitar da shi da jifa sau 42 a fitowa 84, matsakaicinsa .179. Abin dariya, .179 ɗin nan daidai shi ne abin da Domínguez ya samu a 2024. Aka ƙyale Judge ya ci gaba da wasa kullum, shekarar da ta biyo ya buga 52, kuma a lokacin shekararsa 25. Ban ce yaron nan zai zama Judge ba, Judge ɗaya ne. Cewa nake shekara uku ce tsakanin 22 da 25, kuma ba a benci ake cike ta ba.

Abin da ya tayar mini da maganar a makon nan shi ne Grisham ya karɓi tayin shekara ɗaya, dala miliyan 22 da 'yan kai, wato tsakiya ta rufe. Bellinger kwantiraginsa a buɗe yake, kowa na iya zawarcinsa, kuma manajan ƙungiyar Brian Cashman bai ɓoye cewa yana so ya dawo ba. In ya dawo, hagu ma ta rufe. Ga kuma wani dogo a ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙofa, Spencer Jones, wanda ya buga 35 bana a ƙananan ƙungiyoyi, kodayake shi ma yana yawan dukan iska, kuma ya girmi Domínguez da kusan shekara biyu. Ka ga ke nan hanya uku ta rage: a ba shi hagu a daure da kurakuransa, ko a mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Scranton ya riƙa wasa kullum, ko a yi musayarsa da mai jifa a tura shi garin da ba a kiransa da sunan wata duniya. Zuciyata ta farkon take so. In ba za a yi ta ba, gara ta ukun, ko da kuwa wata rana zai dawo filin nan da rigar wasu ya ɗaga mana ƙwallo ta wuce katanga. Ɗanka ya ce in aka sayar da shi ba zai ƙara saka rigar nan mai lamba 24 da na saya masa ba, na ce to sai mu aiko wa ƙaninsa na wajenka, kuɗina ba za su tafi a banza ba.

Maganar fili da ka yi, ka dakata tukuna har in aiko da sauran kuɗin a ƙarshen wata, kada ka ba dillali ko sisi sai ka ga takarda da idonka. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata ina nan ina neman man zafin da ta ce, irin wanda na gwada a kafaɗata. Ka gaida amarya da yara da duk 'yan majalisa. In ka samu mai tahowa, a ƙaro kilishin, wannan karon a mota zan ɓoye shi.

Naka har kullum,
Amininka na Bronx