Amsa ga Baban da ya tambaye ni amfanin binciken jami'a

Assalamu alaikum Baba,

Ranar Asabar ka bugo waya cikin shirin rediyon da aka gayyace ni a nan Jos. Ka ce likita na warkar da mara lafiya, injiniya na gina gada, to wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana binciken jami'a da ɗalibanta, me ya tsinana wa jama'a? Ka ƙara da cewa jikanka ya samu gurbin karatu bana. Lokacin shirin ya ƙare ban ba ka amsa ba, kuma tun ranar abin ke cina.

Akwai wani yaro da na koyar a aji ɗaya. Kullum sai an yi nisa da lakcar ƙarfe takwas yake shigowa, ya raɓe a bencin baya, cikin sanyin nan namu ko rigar sanyi babu. Na ɗauka lalaci ne. Ran da na tsayar da shi, sai na ga tafin hannunsa duk kanta. Ashe tun asuba yake kasuwar Farin Gada yana sauke kwandunan tumatir, da kuɗin dakon yake cin abinci ya hau keke. Ya faɗi kwas biyu, kuma bai san akwai malamin da aka ɗora wa ba shi shawara ba. Da ban tambaya ba, da wata rana kawai za a daina ganinsa, a ce ai dama ba ya ja.

Aikina ke nan, Baba. Muna da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, tun 1978, tana ƙirga masu shiga jami'a ɗaya bayan ɗaya. Amma masu sulalewa a aji biyu ko uku, wa ke bin sawunsu? Yunwa ce ta kore su, ko rashin wurin kwana, ko Turancin da aka taso musu da shi lokaci guda, ko kwas ɗin da aka cusa su ba sa so? Kowace amsa maganinta daban. In ba a bincika ba, sai a yi ta shafa mai inda ba nan ke ciwo ba.

Fannin yana da masanansa. A 1975 Vincent Tinto, wani malami a Amurka, ya kawo bayanin da har yau ake aiki da shi: ɗalibin da ya samu shiga cikin jama'ar makaranta, yana da abokan karatu da malamin da ya san shi, ya fi daurewa har ya gama. Na yarda da shi, amma bai san Farin Gada ba. Bai san yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 ba, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo na ga kujerun da babu masu su. Wasu 'yan matan an ɗaura musu aure, wasu samarin sun kama sana'a zuciyarsu ta bar karatu. Wannan sai mu 'yan gida za mu iya bibiyarsa, mu zauna da su, mu ji ta bakinsu.

Kuma ƙasar nan ta taɓa cin moriyar irin wannan aiki. Kwamitin Ashby da ya miƙa rahotonsa a 1960 zama ya yi ya duba yawan ma'aikatan da Najeriya za ta buƙata da makarantun da za su samar da su. Cikin shawarwarinsa har da kafa hukumar kula da jami'o'i, wadda aka kafa a 1962, ita ce NUC da ke Abuja yau. Yanzu ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Shin yana riƙe 'ya'yan talakawa a makaranta, ko waɗanda suka iya cike fom a intanet ne kawai ke samu? Dole wani ya zauna ya gano.

Inda kake da gaskiya, kuma yana min ciwo, shi ne yawancin abin da muke rubutawa a kan kanta yake ƙarewa, ƙura ta rufe shi. Wasunmu don ƙarin girma kawai suke yi. Laifinmu ne da muke rubutu da Turancin da kai da ka biya kuɗin makaranta ba za ka karanta ba, shi ya sa na rubuto maka da Hausa.

Yaron nan mai dakon tumatir ya gama, ya yi bautar ƙasa. Abin da aka yi masa bai taka kara ya karya ba: an haɗa shi da abokan karatu uku, an nuna masa ofishin da zai kai kukansa.

In jikanka ya zo hutun farko, Baba, bayan ka tambaye shi sakamako, ka tambaye shi sau nawa yake cin abinci a rana, da wa yake karatu, kuma wane malami ne ya san sunansa. In ya yi shiru a ta ƙarshen, ka turo min shi.

Naka,
Wani malami a tsangayar ilimi, Jos