Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Sake Rufin Majami'armu Kafin Damina

'Yan'uwa cikin Almasihu, maƙwabta da abokan arziki, salama a gare ku.

Kwamitin gini na ƙaramar majami'ar Methodist da ke unguwarmu ne ke kawo muku kuka. Rufin ya gaji, in kuwa ya sake shan wata damina a haka, muna tsoron bangon gabas ba zai kai kaka ba.

Ikilisiyar Methodist ta shigo Najeriya ta Badagry a 1842, ta hannun Thomas Birch Freeman. A arewa kuwa ta bi layin dogo ne, wanda ya iso Kano a 1911, tare da ma'aikatan jirgi da akawu da 'yan kasuwa daga kudu. Irin waɗannan iyaye ne suka ɗaga tamu da aikin gayya. Zaure ne guda ɗaya, dogo, babu ginshiƙi a tsakiya, domin kowa ya ga mai wa'azi ya kuma ji shi. A gaba akwai mumbari, da teburin Jibin Ubangiji, da shingen katako inda ake durƙusawa. Tagogin suna kallon juna, iska na ratsawa, shi ya sa ko a watan Afrilu ana iya zama ba fanka.

Bangon na tubalin laka ne mai kauri, daga baya aka shafe shi da siminti. A nan ciwon yake. Siminti ba ya kama laka sosai. Ramukan ƙusa a kwanon sun yi tsatsa sun buɗe, ruwa na bin katako ya sauka kan bango, ya shige bayan shafen ya rasa hanyar fita. Ƙwanƙwasa bangon gabas, inda hadari ke duka, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Laima kuma ta kira gara, ta cinye bakin katakon da ke zaune kan bango.

Wasu sun ce a rushe a yi na bulo. Mu ba mu ga dalili ba: harsashin lafiya lau yake, gyaran kuma bai kai kuɗin sabon gini ba.

Za a fara da cire kwano kashi-kashi, don kada sujada ta tsaya. Kowane sabon katako sai ya sha maganin gara kafin ya hau. Za a ƙara tsawon bakin rufi da ƙafa 2, a sa indararo, a zuba daɓen kankare kewaye da gindin bango, mai gangara zuwa waje. Shafen da ya saki za a kankare shi, a bar lakar ta bushe, a buga wayar raga, sannan a sake shafe. Wanda ya shafe kan danshi ya zubar da simintinsa.

Muna buƙatar bandir 12 na kwano, katako tu-bai-sikis 40, tu-bai-tiri 120, siminti buhu 60, tifa 2 ta yashi da 1 ta tsakuwa. Buhu guda ma ya isa a gode. Kafinta ko magini da zai ba da yini ɗaya, muna maraba da shi.

A miƙa gudummawa ga ma'aji bayan sujadar Lahadi, a karɓi rasit. Za a riƙa karanta lissafi a gaban ikilisiya kowane wata. Muna so a fara a Fabrairu, a rufe kafin ruwan fari.

Allah ya sāka muku da alheri.

Kwamitin Gini