Hukumar daraktoci da kuɗin kamfani a arewacin Kamaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna son jan hankalin manyan 'yan kasuwarmu na Garwa, Marwa da Ngaundere kan wani abu da ke rusa kamfanoni da zarar mai su ya kwanta dama.

Da yawa sukan yi rajistar kamfanin hannun jari saboda banki ya ba su rance ko su samu kwangila. Dokar kamfanoni ta OHADA (ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwancinsu), wadda aka sabunta a 2014 kuma take aiki a Kamaru da Cadi, ta ce jarin irin wannan kamfani bai kamata ya gaza sefa miliyan 10 ba, hukumar daraktocinsa kuma mutum 3 zuwa 12. Sai Alhaji ya rubuta sunan ƙaninsa da 'ya'yansa biyu, shi ke nan. Ba zama, ba rubutaccen bayanin taro, sai a kai musu takarda gida su sa hannu.

Ga inda ɓarnar take. Dokar ta hana darakta ko babban manaja cin bashi daga kamfani, ta hana kamfani tsaya masa a wajen wani mai ba da bashi, kuma hanin ya haɗa da matarsa, iyayensa da 'ya'yansa. Irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce tun daga tushe. Amma a nan kuɗin aikin hajji, na auren 'ya, har na ginin gida, duk daga asusun kamfani suke fita, ba a rubuta ko sisi. Ranar rabon gado ba mai iya bambance na kamfani da na mamaci, banki ya dakatar da asusu, tireloli su yi shekaru a fake magada suna shari'a. Ma'aikata ne ke fara shan wuya.

Idan kuma darakta zai ba kamfani hayar sito ko ya sayar masa da fili, sai hukumar ta amince tukuna, shi kuma ba ya jefa ƙuri'a, sannan mai binciken asusu ya kai rahoto gaban masu hannun jari. Taronsu na shekara wajibi ne cikin wata 6 bayan rufe lissafi. Zaman hukuma ba ya inganta sai aƙalla rabin mambobi sun halarta.

Shawararmu, a ba wani na waje kujera ko da ɗaya ce, wanda ya san lissafi kuma ba ya cin abinci a gidan Alhaji, domin ɗa ba ya iya duban idon mahaifinsa ya ce a'a. A yanka wa Alhaji albashi sananne, sauran ya jira rabon riba. Kamfanin kuwa da masu hannun jarinsa ba su wuce 3 ba, doka ta yarda ya naɗa manaja guda ɗaya maimakon hukuma, amma hanin cin bashi yana nan a kan manajan.

Wassalam.

Wasu masu aikin lissafi,
Garwa