Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya: takardar gwaji da fargabar yaɗuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayye da ƙanne, da mazajen da ke rako mu, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu fama da sankarar mama da masu jinyarsu ta yi a bana a nan Kumasi. Lissafin kuɗi yana hannun Hajiya ma'aji, ita za ta karanto shi ranar taro, kada a tare ni a hanya da tambayar sidi nawa ya rage.

Zaman wata-wata bai yanke ba sai cikin azumi. Mun zaga da shi tsakanin Aboabo, Asawase da Sawaba don kada kuɗin trotro, wato motar haya, ya riƙa faɗa wa ɓangare ɗaya. A Oktoba, watan wayar da kai kan wannan ciwo, mun shiga makarantun islamiyya na matan aure, mun nuna yadda mace ke duba mamanta da hammatarta. Mun je gaisuwar marasa lafiya, mun kuma yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu. Allah ya jiƙansu.

Amma aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne karanta takarda, kuma ba mu tsara shi ba, shi ya zo ya same mu. Wata 'yar'uwarmu mai sayar da koko da ƙosai ta karɓo sakamakon ɗan naman da aka ɗeba a mamanta, ta naɗe shi cikin leda, ta kulle a bakin zane. Kwana biyar ba ta ɗora tukunya ba. Ɗanta ya karanta mata, ya ga lamba 3, ya ga kalmar fozitif har sau biyu, ya shiga intanet da wayarsa, ya fito da jajayen idanu. Da ta zo zama sai ta fara raba wasiyya, har da wanda za a ba babbar tukunyar. Nas ɗin da ke taimaka mana ta warware ledar, ta bi layukan da yatsa, ta ce, "Yaya, wannan 3 ɗin ba matakin ciwo ba ne. Fozitif ɗin nan kuwa, ki gode wa Allah da shi." Sai matar ta ce, "Ashe ba a gama da ni ba?" Muka yi dariya da hawaye tare.

Daga ranar muka ware rabin kowane zama don wannan. Mai takarda ta kawo, in ta yarda a karanta a gaban jama'a, in ba ta yarda ba a keɓe da ita. Ba ma yanke hukunci, wannan na dokta ne. Muna dai shirya mutum ya san abin da zai tambaya kafin ya koma asibitin Komfo Anokye, wato Ji, ko duk inda yake ganin likita.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne giredi da mataki. Giredi daga 1 zuwa 3 yake, yana faɗin yadda ƙwayoyin ciwon suka sauya kama da saurin da suke girma in an dube su a madubin likita. Mataki kuwa daga 0 zuwa 4 yake, yana faɗin girman ƙullutun da inda ya kai. Takardar ɗan naman farko ita kaɗai ba ta isa a faɗi mataki ba, sai an haɗa da duban kaluluwar hammata da hotuna. Mace na iya zama da giredi 3 alhali ciwon bai bar mama ba. Haka nan in an ga ciwon a kaluluwar hammata, wannan bai zama mataki na 4 ba. Mataki na 4 shi ne in ya kai nesa, kamar ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Sai haruffan ER da PR da ake gani a takardar gwajin. In sun fito fozitif, wato an same su, ciwon yana cin abinci daga sinadarin homon na jikin mace, kuma akwai ƙwayar da ke toshe masa wannan hanya, irin tamoksifen, wadda ake sha kullum tsawon shekara 5 zuwa 10. HER2 kuma, wani gwajin ne na daban a takardar, ana rubuta shi 0, 1+, 2+ ko 3+. In 3+ ne akwai allurar da aka yi dominsa, Herceptin, galibi ta shekara guda. In 2+ ne ba a tabbatar ba tukuna, sai an ƙara wani gwaji. In duka ukun ba su fito ba, irin da ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, to ƙwayar homon ba za ta yi aiki ba, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ake dogara da shi, kuma yana yi wa da yawa aiki. Bayan tiyata akwai wani layi kan gefen naman da aka cire: in babu ciwo a bakinsa an ce ya fita tsaf, in akwai ana iya komawa a ƙara yanka.

Mun kuma yi ta fama da maganar nan cewa in allura ko wuƙa ta taɓa ƙullutu sai ya watsu. Ɗebo ɗan nama don gwaji ba ya yaɗa ciwon. Abin da muka gani da idonmu yana ba shi damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafa magani ana jiran ya fashe. A Gana ana samun sama da mata 4,000 da wannan ciwo kowace shekara, mafi yawansu kuma sai ya yi nisa suke isa asibiti. Ba mu hana kowa addu'a da tofi ba, mu ma muna yi. A yi, a kuma tafi ranar da dokta ya sa.

Fargaba bayan an gama magani ita ce ba mu samo kanta ba har yanzu, gara in faɗi gaskiya. Wadda ta sha kemo da gashin na'ura, in bayanta ya ɗan riƙe sai ta ce ya shiga ƙashi, in ta yi tari cikin hunturu sai ta ce huhu ne. Ni kaina daren da zan koma duba ba na barci. Abin da muka tsayar shi ne: ciwon da ya wuce mako biyu bai sauka ba, ko yake ƙaruwa, ko yake tashe ki da dare, ki kai shi asibiti. Haka tari mai naci, rama ba dalili, ciwon kai da amai, ko idon da ya koma ruwan ɗorawa. Numfashi in ya ɗauke, ko ƙafa ta mutu, wannan ba a jira ko kwana ɗaya. Mun kuma haɗa kowace mace da abokiyar waya, wadda za ta kira ko da tsakar dare ne maimakon ta zauna tana latsa intanet. 'Yan'uwanmu masu mataki na 4 suna cikinmu, suna shan magani, wasu na zuwa kasuwarsu a Kejetia, kuma sun roƙa a daina yi musu kallon tausayi in sun shigo.

Inda muka gaza: mazaje. Mun kira zama domin su, waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, alhali sau da yawa miji ne ke hana a cire mama. Za mu nemi limamai su taya mu. Na biyu, jiran sakamako. Wata ta yi makonni tana zarya wani wurin gwaji, kullum a ce ta dawo, kuma ba mu da wanda ke bin sawun irin wannan. Muna neman mutum biyu masu ƙafa da baki su ɗauki aikin.

Kowa ya duba katinsa na inshorar lafiya, in ya mutu a sabunta kafin ranar asibiti. A ɗauki hoton kowace takardar gwaji a waya, ainihinta kuma a ajiye a leda inda ruwa ba zai taɓa ba. Masu bashin kuɗin wata su ga Hajiya ma'aji, ko su tura ta MoMo, wato kuɗin waya. Zama na gaba a Aboabo ne, bayan la'asar, a zo da takardu.

Wassalam,
Sakatariyar ƙungiya