Ɗanka ya fara tuƙi

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu ma nan jihar Minesota ta Amurka lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Ɗanka ya cika shekara 16, ya kuma sami lasin. Na san za ka ce ai yaro ne. Ni ma haka na ce, amma a jihar nan tun yana 15 ake ba shi takardar koyo, ya yi awa 50 yana tuƙi da babba a gefensa, 15 daga ciki da dare. Ni na sha wannan zaman. Har yau in na zauna a kujerar mai zaman banza, ƙafata sai ta riƙa laluben birki.

Niyyata da farko in sakar masa tsohuwar motata ƙirar 2005, ko ya goge ta a jikin katanga ba asara. Mamansa ce ta taka mini birki. Ta ce, "Wato wanda ya fi kowa rashin iya tuƙi a gidan nan shi za a ba motar da ta fi kowace rauni?" Na rasa amsa. Alƙaluman ƙasar nan sun nuna cewa a kowane mil da aka tuƙa, 'yan shekara 16 zuwa 19 sun kusa ninka manya sau uku wajen haɗarin da ake rasa rai.

Abin da tsohuwar tawa ba ta da shi shi ne ESC, na'urar da in mota ta fara zamewa a kwana take danne birkin taya ɗaya da kanta, ta dawo da ita kan hanya kafin direba ya ankara. Tun daga ƙirar 2012 doka ta wajabta ta a Amurka. Ga mu da ƙanƙara wata da watanni, sai na ce daga 2012 zuwa sama kawai zan duba. Cibiyar IIHS, mai gwajin ingancin motoci a haɗari, da mujallar Consumer Reports suna fitar da jerin motocin hannu da suka dace da matasa, shi na bi. Ba sa sa 'yan mitsi-mitsin motoci, domin in an yi karo mara nauyi ce ke shan wuya, ba sa kuma sa masu ƙarfin inji fiye da kima.

Shi kuwa gogan, Mustang ja yake mafarki. Ko kallonsa ban yi ba.

Ta farko da muka gani tana sheƙi kamar amarya. Da bakanike ya ɗaga ta sama, ya ƙwanƙwasa ƙarƙashinta da sifana, tsatsa ta zubo kamar garin bulo. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ta. Ta biyu, Toyota Camry ƙirar 2015, ruwan toka. Na sa lambar jikinta, VIN mai harafi da lamba 17, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗura ta Amurka, don in ga ko akwai wani gyara da kamfanin motar ya yi kira a kawo ta a yi amma ba a yi ba. Babu. Tayoyi kawai na canza.

Wata shida na farko doka ta hana shi tuƙi daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, aboki kuma ɗaya tak zai ɗauka. Ni na ƙara tawa: waya a aljihun mota.

Ya ce motar tsofaffi ce, amma jiya sau biyu ya wanke ta. Ban faɗa wa Hajiya a waya ba, kada hankalinta ya tashi. Kai ka san yadda za ka shigar mata da zancen, ta sa shi a addu'a.

Ƙaninka.