Zuwa ga Abokan Cinikinmu, Kan Batun Leda Mai Ƙyalli

Assalamu alaikum iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da dambun nama, da 'yan'uwa masu kilishi na Birni da Zango da Kasuwar Dole.

Da yawanku kun tambaye mu ko fenti ne aka shafa wa ledar da muke sayar muku, wasu ma na tsoron kada ya taɓa abinci. To, ba fenti ba ne. Alminiyam ne, irin wanda ake ƙera tukunya da shi.

Ita ledar, mu ba mu ƙera ta, naɗi-naɗi take zo mana, mu yanka mu liƙe. A masana'anta ana saka naɗin leda cikin wani babban tanki, a zuƙe iskar ciki, sannan a gasa wayar alminiyam da zafi kusan digiri 1500 har ta zama tururi. Ledar na wucewa da gudu a kan wani ganga mai sanyi, tururin yana daskarewa a jikinta. Ledar kanta kaurinta maikiron 12 ne (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), gashin kai ya ninka ta sau biyar ko shida, alminiyam ɗin kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin ledar ba. Daga baya ake manna wata leda daga ciki, ita ce ke taɓa abincinku, ita ce kuma ke narkewa in an liƙe baki.

Wannan ɗan shafen shi ke tare haske da iska da laima. Su ne ke juya man gyaɗa ya fara wari, balle a zafin Afrilu.

Inda muke roƙonku a nan ne. Abu mai siriri haka ba ya son cukuikuyewa. Duk inda aka murɗe ko aka kankare, alminiyam ya tsage, iska ta samu hanya. Kada a danne jakunkunan ƙarƙashin buhun gero a mota. Kuma liƙi da kyandir, gaskiya, ɓarnar kuɗi ne: baki yana ƙonewa a wani wuri, ya ƙi kamawa a wani. Wadda ba ta da injin liƙi ta kawo, za mu liƙe mata.

In kuna shakka, ku ɗaga jakar ku duba da fitilar waya. Ɗan haske dishi-dishi ba laifi. Wadda kuka ga ɗigo-ɗigon haske ko layi fari a jikinta, ku maido mana mu canza.

Mun gode, Allah ya ƙara kasuwa.

Masu yanka da liƙe leda, Zango, Damagaram